Sunan Uba a Shingen Magama

Tun kafin motar ta bar Ɗan Issa, Inna Barira ta fara yi wa Muhsina, ɗiyar ƙanwarta, bita kamar mai shirin shiga kotu.

"In sun tambaye ki, a Daddara ta Najeriya aka haife ki. Ubanki Ya'u. Kin jiya? Kuma kada ki kuskura ki ce lakkwal, makaranta za ki ce."

Ya'u mijin Inna ne. Shekara shida ke nan Muhsina tana gidansa a Jibiya tana karatu, ko harara bai taɓa yi mata ba. Amma mahaifinta Zunnuraini ne, mutumin Nijar, wanda suka baro zaman makokinsa da safen nan. Gobe kuma Litinin, ranar da za ta fara jarrabawar ƙarshe ta sakandare. In aka mayar da ita baya, shekarar ta tafi.

"Inna, ai ina da katin shaidata na Nijar."

"Ki bar shi cikin littafin nan naki da ba ki rabuwa da shi. Kowa haka yake yi."

Wata mai kwandon tattasai ta juyo tana dariya. "Ɗiyata, ni nan garin haihuwata uku. Ya danganta da wanda ya tambaya."

A Magama, shingen shiga Najeriya, direba ya tsaya, aka ce kowa ya sauko. Jami'in shige da fice, wani dogo mai furfura a saje, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ba tare da ya dubi kowa sosai ba.

"Ke fa? Daga ina?"

"Jibiya nake zaune."

"Sunan mahaifi?"

Inna ta take mata ƙafa. Muhsina ta buɗe baki da niyyar faɗin Ya'u, har ta ji sunan a harshenta. Sai ta ga ba ta iyawa, ba a wannan makon ba.

"Zunnuraini. Mutumin Ɗan Issa ne. Ya rasu ran Talata."

Ta zaro katin, ta miƙa masa.

"Yallaɓai, yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba," in ji Inna.

"Ta fi ki sani, Hajiya." Ya juya katin. "Allah ya jiƙan shi. Sai dai babu hatimin fita na can. Ku koma a buga, ku dawo."

Direba ya sauke musu jaka, motar ta wuce. Suka hau babur zuwa shingen Nijar, inda suka tarar da layi har bakin kwalta. Sai da la'asar ta yi suka samu hatimin; suna dawowa, Inna ta juyo gare ta.

"Da sun rufe fa?"

"Da na maimaita aji, Inna."

"Kai, taurin kan nan ba daga wajenmu ba ne."

Jami'in ya duba, ya ɗaga musu hannu. Suka tsaya gefen titi suna jiran wata motar.