Kitson Bahaguwa

Tun muna 'yanmata nake faɗa wa Bahaguwa cewa Allah ya ba ta komai ban da hannun kitso. Ta iya zama da mutane, ta iya ba ka dariya har cikinka ya ƙulle, amma in ta kama kan yarinya sai ka rantse kaza ce ta yi tsagar. Da hagu take yin komai, shi ya sa sunan ya bi ta har gidan miji. Ni kuwa kitso ne sana'ata, shagona yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai guga. Kan 'yarta Gimbiya ni nake yi, sai ranar da uwar ta ga dama ta ce yau ita za ta gwada, ni kuma in samu abin tsokana na mako guda.

Kitson ƙarshe da ke kan Gimbiya na uwarta ne. Bahaguwa ta yi shi ana gobe za a kwantar da ita a asibiti, tana zaune a bakin gado, tana yi tana hutawa. Ba ta dawo gidan ba, a can ta rasu. Ko shekara talatin ba ta cika ba.

Gimbiya 'yar shekara bakwai ce, kuma ba ta yi irin kukan da muka zata ba. Abu ɗaya ta kafe a kai: ba mai taɓa mata kai. Goggonta ta lallaɓa, kakarta ta yi faɗa, duk a banza. Ko wanka za a yi mata sai ta dafe kan da hannu biyu. Kitso ya tsufa, ya cukurkuɗe, yarinya sai susa take yi, har malamar ajinsu ta aiko cewa ƙuraje sun fito mata a ƙeya.

Babanta direban motar haya ne, dama can ba mai yawan magana ba, rasuwar kuma ta ƙara rufe masa baki. Ya zo ya tsaya a ƙofar shagona yana juya makullin mota a hannu. Ya ce ya rasa ta inda zai ɓullo: in ya matsa mata, ji yake kamar yana raba ta da uwarta karo na biyu, in ya ƙyale ta kan zai lalace. Ya ce tawa ce kaɗai za ta ji, tunda ta san yadda muke da mamanta. Na ce ya kawo ta, ai wannan ƙaramin aiki ne. Da bakina na faɗi haka.

Ran Asabar da hantsi ya ajiye ta ya tafi aiki. Ta zauna a kan 'yar kujera tana riƙe da bakin ɗankwalinta.

"Anti, in kin tsefe, za ki mayar min da irin na Mama?"

"Irinsa sak. Ko ke ba za ki bambanta ba."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Sai ta cire ɗankwalin da kanta. Kallo ɗaya na yi wa kitson: layuka ne zuwa baya, irin wanda nake fara koya wa masu koyo. Mata biyu suna kan benci suna jirana, waya kuma tana aljihuna, amma ko a raina bai zo in ɗauki hotonsa ba. Me gwana za ta tsaya dubawa a kitson Bahaguwa? Raina kama ka ga gayya. Na tsefe, na wanke, na shafa magani a ƙurajen, hannuna ya kama aikinsa ina hira da masu jira.

Da na gama na miƙa mata madubi. Ba ta karɓa ba. Ta rufe ido, ta bi layukan da yatsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali. A nan na gane da hannu ta san kitson nan, shi take shafawa in za ta yi barci. Ta ce na Mama ba nan yake kwanciya ba, ɗaya gefen yake karkata. Ta ce kuma akwai wani ɗan ƙarami kusa da kunne da ya kauce ya shige cikin na kusa da shi, wurin da hannun Mama ya gaji.

Na ajiye madubin. Na sake tsefewa, na gwada da hagu, hagun tawa kuwa ko cokali ba ta iya riƙewa da kyau. Na karkata tsagar da gangan, sai ta fito karkatar gwana, tsaf da ita. Masu jira suka gaji suka tafi, ban ma ɗaga kai ba. Da Bahaguwa tana raye ta ga na kasa kwaikwayon aikinta, da ta yi dariya har ta faɗo daga kujera. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, da haushin kaina. Abu na ƙarshe da ƙawata ta yi da hannunta a duniya, ni na warware shi ina hirar tsadar man kitso.

Na ce wa Gimbiya ta nuna min daidai inda ƙaramin yake. Ta taɓa saman kunnenta, ta matsa baya kaɗan, ta dawo, sai ta sauke hannun.

Da la'asar babanta ya zo ɗaukarta. Na ja shi gefe na tambaye shi ko yana da hoton kanta na kwanakin nan. Ya daɗe yana duba wayarsa. Tun rasuwar ba wanda ya yi zuciyar ɗaukar hoto a gidan. Ya mayar da wayar aljihu, ya sunkuyar da kai, na ga shi ma laifin kansa yake gani, shi da ya kawo ta.

Na koma na ɗauki mataji zan sake gwadawa. Gimbiya ta riƙe min hannu.

"Anti, bar shi haka, kaina yana zafi," ta ce. "Kada ki yi kuka. Ko na ce ki gyara, ni ma yanzu na manta inda yake."