Wadda Za a Mayar

Mai shagon ya gaji da ni, na gani a idonsa. Tun hantsi nake tsaye gaban kantarsa, in ɗauki wannan in ajiye, in ɗauki waccan in juya. Ƙananan kwamfutocin nan ne masu kamar faranti, waɗanda ake ce wa tab, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka.

"Baiwar Allah, ke za ki yi amfani da ita?"

"Babana ne."

"To ki kira shi mana ya zaɓa."

Na yi masa wani kallo, ya sunkuyar da kai. Da Baba yana iya ɗaga waya ya ce ga wadda yake so, me zai kawo ni nan in zama abin kallo?

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama Baba a shagonsa na aski, kilifa na hannunsa, kan wani mutum rabi a aske. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta bi, baki ya karkace, magana ta ɗauke ƙaf. Mutumin da in ka zauna a kujerarsa kunnenka ya fi kanka shan aiki, yau sai dai ido. Likitar da ke koya masa magana ce ta ce mu samo tab mu sa mata manhajar hotuna, ya taɓa kofi ta ce "ruwa", ya taɓa gado ta ce "barci". Ta kuma gaya mana gaskiya, wataƙila iyakar maganar da za mu ƙara ji daga gare shi ke nan. Shi ya sa nake tsoron in zaɓi wadda ba ita ba.

Daga ƙarshe mai shagon ya ce, "Na san yayanki. Tafi da su duka ya gwada, gobe ki dawo min da ɗaya."

A hanya na kira Yaya. Shi dama daga nesa babu abin da bai sani ba. "Ki ɗauki mai riƙe caji kawai," in ji shi, sai ka ce shi zai riƙe ta da hannu ɗaya. Umma kuwa da na iso gida cewa ta yi, "Ni dai wadda in ta faɗi ba za ta fashe ba."

Baba na jingine da filo, gemunsa a karkace kamar yadda na aske masa shekaranjiya. Ban iya ba, shi kuma ba shi da bakin yi min tsiya. A bangon gabansa akwai ƙusa da wani farin wuri mai kusurwa huɗu. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti Umma ta sauke madubin da ke rataye a wurin ta tura bayan kabad. Duk wanda ya zo dubiya kuma sai ya ce, "Kai, ai fuska ta dawo, ma sha Allah." Mu ma haka muke cewa.

Na sa musu manhajar, na fara miƙa masa tokar. Ta ɗan fi faɗi, hotunanta manya, gilashinta dishi-dishi ba ya ɗaukar ido. Na riƙe masa, ya kai yatsan hagu a hankali ya taɓa kofi.

"Ruwa," in ji wata muryar mace.

Umma ta zabura kamar ango ne ya kira ta, ta dawo da kofi har yana zuba. Ya kurɓa, sannan ya ture hannuna, yana so ya riƙe da kansa. Ta yi masa nauyi. Ta sulluɓe ta bugi ƙirjinsa, ta gangara kan bargo.

Baƙar ba ta da nauyi ko kaɗan, ta zauna daram a tafin hannunsa. Amma hotunanta ƙanana ne, babban yatsansa kuma faɗi gare shi. Ya nufi hoton gado, ta ce "banɗaki". Ya sake, ta ce "banɗaki". Umma ta fashe da dariya, sai kuma ta toshe baki.

"Tokar ta fi," na ce. "Sai mu riƙa riƙe masa."

"In kina wurin aiki fa? In ina wanka? Ya zauna bebe har mu dawo?"

"To wannan da take faɗin abin da bai ce ba fa, Umma?"

Muka yi ta yi a saman kansa, kamar ba ya ɗakin. Na ji haushin Umma, na ji haushin Yaya, na fi jin haushin kaina da ban san amsar ba. Ban san lokacin da baƙar ta gaji da jira ta kashe haskenta ba. Shirun Baba ne ya canza, shi ya sa na waiwaya.

Yana riƙe da ita daidai fuskarsa. Gilashin ya yi baƙi wuluk, yana ƙyalli, ga shi nan a ciki gaba ɗaya. Ya juya kai hagu, ya juya dama, yadda yake juya kan mutane in ya gama aski. Ya dubi leɓen da ya zubo, da idon da ba ya rufuwa sosai, da yawun da ban goge ba. Sannan ya ɗaga ido ya kalli ƙusar bango, ya kalle mu.

"Kawo in sa mata caji," in ji Umma. Ta kai hannu, ya ƙanƙame ta a ƙirji.

Ya danna ta kunnu. Na matso kusa, don na ga akwai abin da yake son faɗi. Ya fara jan hotunan da yatsa. Ruwa, abinci, ciwo, sanyi, zafi, magani, na gode. Ya kai ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi a hankali. Bai taɓa ko ɗaya ba.

"Baba, me kake nema? Nuna min, zan sa a ƙara."

Ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na tsaya da tokar a hannuna, ga kwalinta a buɗe a ƙasa. Shi kuwa ya lalubi maɓallin gefe, wannan karon bai kuskure ba, ya kashe ta ya ci gaba da kallo.