Mai Begila a Kantin Magani

Shekara talatin da ɗaya ni ke busa begila a garinmu, Tindarra, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Kowace ashirin da biyar ga Afrilu, kafin fitowar rana, jama'a su taru gaban dutsen da aka rubuta sunayen mamatan, in busa taken bankwana, a yi shiru na minti ɗaya. Sunana Noelene Trewartha. Mahaifina ne ya koya mini, kuma begilarsa ce a hannuna har yau.

Bara abin ya ƙi. Na zo kan dogon sautin ƙarshe, iska ta yanke mini a tsakiya, tari ya biyo baya, irin wanda sai mutum ya dafa gwiwa. Mutum ɗari uku suna tsaye suna sauraron kakarina a cikin mintin da ya kamata a yi tsit.

Ba wanda ya ce mini uffan sai a watan Nuwamba, da Merv Halloran, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya tare ni a gaban gidan waya.

"Noelene, kwamiti ya zauna. Karo mai zuwa faifai za mu sa a lasifika. Ki huta haka nan."

"Faifai?"

"Sojan gaske ne ya busa, a Canberra, babban birnin ƙasa, aka ɗauka. Tsaf yake, ba gargada."

"To ku ɗauko jama'ar ma daga Canberra. Merv, kai da ko fito ba ka iya ba, kai ne za ka sallame ni?"

"Ba sallama ba ce. Tausayinki muke ji."

Wannan kalmar ta fi komai ƙona mini rai. Na juya na bar shi, na tsallaka titi na shiga kemis, don dama maganin tarina ya ƙare.

Mai kemis ɗin, Linh Dao, shekara biyu ke nan da ta zo daga birnin Sydney. Ba ta kai 'yata shekaru ba. Na ajiye kwalbar a gabanta, ta dube ta, ta dube ni.

"Misis Trewartha, wannan ce ta huɗu tun watan Agusta."

"Ashe ƙidaya kike yi mini."

"Ina jin tarinki tun daga bakin ƙofa. Muna da wani gwajin numfashi ga duk wanda ya wuce talatin da biyar kuma yake shan taba. Minti biyar ne. Ki hura bututu sau uku, shi ke nan."

"'Yar nan, tun kafin a haife ki nake hura ƙarfe. Idan likita nake so, na san hanya."

"Rabonki da shi shekara nawa?"

Ni kaina ban sani ba.

Ta ce, "Ba zan ce miki ga ciwonki ba, wannan ba hurumina ba ne. Aikina shi ne in gaya miki ko ya kamata a duba ki. Idan huhunki lafiya yake, ki tafi da takardar ki liƙa wa duk wanda kike so a goshi."

Ba ta san abin da ya faru a gaban gidan waya ba, amma ni goshin Merv na hango. Na bi ta ɗan ɗakin da ke bayan kanta. Ta tambaye ni ko ina fitar da majina da safe, ko nakan yi haki idan na hau tudu, da yaushe na fara taba. Na ce ina 'yar sha shida. Sannan ta ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, ta sa mata sabon bututun kwali.

"Ki cika ƙirjinki, ki fesar da ƙarfi, kada ki tsaya sai na ce."

Na hura da nufin in ba ta kunya. Kafin ta ce in tsaya, idona ya fara ganin duhu. Na sake, na kuma sake. Ta juyo mini da fuskar na'urar.

"Iskar da ya kamata mace mai shekarunki da tsayinki ta fitar a daƙiƙar farko, ke kaɗan kika haura rabinta. Zan rubuta wa likita wasiƙa."

"Na'urarki ta lalace."

"Da safen nan na gwada ta da kaina."

Na ɗauki jakata na fita, ko kwalbar ban ɗauka ba.

Da yamma ina shanya a bayan gida, sai na ga kaina zaune a kan kujerar roba, rabin kayan suna cikin kwando. Ni na ajiye kujerar nan a wurin tun bazarar da ta wuce, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Haka na daina kai karena kan tudun tsohuwar mahaƙar ma'adinai, na ce wai ya tsufa. Haka na koma ajiye mota daf da ƙofar coci. Shekaru ina rage wa kaina hanya kaɗan-kaɗan, ina kiran abin tsufa.

Washegari na koma. Linh ta miƙo mini wasiƙar likitan a ambulan da sunana a kai.

Likitan garinmu ya tura ni asibitin birnin Dubbo, tafiyar awa huɗu, aka yi mini babban gwaji. Likitar can ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce hanyoyin iskar huhuna sun tsuke, ciwo ne mai zama da mutum, abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma ana iya taka masa birki.

Na ce, "Begila fa?"

Ta ce, "Ban taɓa hana kowa busa ba. Taba nake hanawa."

Shekara arba'in da bakwai ina shan ta. Ba zan yi ƙarya in ce rana ɗaya na yar ba. Na manna filastar rage sha'awar taba a dantse, na yi mako biyar ban sha ba, ranar Kirsimeti na zuƙe kara shida a bayan garejin 'yata. Da kaina na je na gaya wa Linh. Ta ce to, yau ce rana ta ɗaya kuma. Ta sa na shaƙi maganin fesawa a baki da aka ba ni a gabanta, sai ta yi dariya.

"Noelene, harshenki kike fesa wa. Huhun bai ga komai ba."

Ta gyara mini. Kullum da sassafe ina zagaya filin ƙwallo, da farko sau ɗaya da hutu biyu, zuwa Fabrairu sau uku ba hutu. Da rana in rufe kicin in ɗauki begila. Mahaifina wuri biyar yake jan numfashi a cikin taken. Na zauna da fensir na nemo wasu wurare uku da zan saci iska ba tare da na karya shi ba.

A watan Maris na shiga taron kwamiti ba gayyata. Merv ya ce an riga an kaɗa ƙuri'a.

Na ce, "Ban zo neman ƙuri'a ba. Na zo in sanar da ku ne. Ina da ciwon huhu, an gano, ina shan magani. Ranar nan zan tsaya inda na saba tsayawa. Ku kunna lasifikarku, mu ga wanda za a ji."

"Idan kika sake sarƙewa fa?"

"Sai in yi tarina in ƙarasa. Mutanen da sunayensu ke kan dutsen nan sun ji abin da ya fi tari."

Ranar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Merv ya kawo lasifikarsa, ya ɗora a kan tebur, wayar da zai kunna faifan da ita a hannu. Fasto ya gama addu'a. Na ɗaga begila ban dubi kowa ba. Na jira ƙarar faifan, Merv bai kunna ba, sai na fara.

Ba irin busan mahaifina ba ne. Sautin ƙarshe na riƙe shi iya ƙarfina, na yanke shi da kaina kafin ya yanke mini. Tari ya taso, na danne shi a ƙirji har mintin ya cika, hawaye na zuba don wahala.

Da aka watse na zauna a kan matakalar dutsen ina mayar da numfashi. Merv ya zo ya miƙo hannu zai tayar da ni.

"Ka bari, zan tashi idan na shirya. Kai dai samo mini shayi, kada ka cika madara."

Ya tafi ya kawo. Ya tsaya a kaina yana juya hularsa.

"Wannan gwajin na kemis, da zafi?"

"Sosai. Allura ce kamar ta doki."

Ya zaro ido, sai na gane shi ma gwajin yake son yi. Na bar shi a haka har na shanye shayina, sannan na gaya masa gaskiya, na kuma ce Linh tana buɗewa ƙarfe tara.