Hatimin Kwana Huɗu

"Ka daina duba agogon nan, ya shaikh, za ka sa in take wani," in ji Baba Tsoho, yana kutsa tasinsa tsakanin motocin masu umra da suka toshe bakin unguwar Misfala.

Datti ya sake duba agogon. Saura minti ashirin lauya ta kira shi, saura kwana tara iƙamarsa ta ƙare. Karatun da ya kawo shi Makka ya kammala, kuma da zarar takardar zama ta mutu, sai jirgi. Jirgin kuwa gida zai kai shi, inda wani ƙasurgumin ɗan bindiga ya rantse sai ya ga bayansa, tun ranar da ya ambaci sunansa a huɗubar Juma'a. A kan wannan huɗuba aka kashe ladaninsu. Shi ma da ƙyar ya sha.

Lauya Salwa, ta wata ƙungiya mai taimakon masu neman mafaka, ba ta ɓoye masa komai ba. Ba duk wanda ya gudo daga tashin hankali ake karɓa ba, sai wanda shi kansa ake farauta. Wannan sharaɗin kam Datti ya cika shi. Amma in mutum ya koma ƙasarsa da ƙafarsa bayan barazanar, sai a ce ashe tsoron bai kai tsoro ba.

To, nan fa ake yin ta. Bara Datti ya koma, kwana huɗu rak. Inna, mahaifiyarsa, ce ta kwanta ciwon ajali tana ta kiran sunansa. Ya shiga ƙauyen ɓoye cikin buhunan masara a bayan wata akori-kura, ya riƙe hannunta har ta cika, aka rufe ta, ya fito. Hatimin shiga da na fita suna nan ɓaro-ɓaro a fasfonsa.

Baba Tsoho, mai gidan da yake haya, haifaffen unguwar Jarwal ne a nan Makka, ya ga jiya ya ga yau a sha'anin takardu. Shi ya kawo dabara.

"Fasfo ya ɓata a turmutsutsun Mina, khalas, shi ke nan. Mutum nawa ke rasa nasu duk shekara? Ka ce ba ka taɓa komawa ba."

"Baba, ƙarya a cikin Harami? Inda zunubi ya fi ko'ina nauyi?"

"To mu fita daga Haramin mana! Tan'im ga ta nan kusa. Ka yi maganarka a bayan iyaka, mu dawo."

Abin dariya ne, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Datti ya miƙa fasfon, Baba Tsoho ya jefa shi a aljihun mota.

Suna wuce ginshiƙan da ke nuna ƙarshen Harami, Baba Tsoho ya faka a gefen masallacin Tan'im. Mutane na ta fitowa cikin fararen ihrami, suna hawa motoci za su koma yin umra. Wayar ta yi ƙara. Datti ya ɗauka.

"Ustaz Datti," in ji Salwa da Larabci, "tambaya ɗaya ta rage kafin in tura takardunka. Tun da aka yi maka barazanar, ka taɓa komawa ƙasarku?"

Baba Tsoho ya zaro ido, yana girgiza masa kai.

Datti ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, ya yi ta maimaita ta a hanya. Sai dai yanzu ya ga abin da ke cikinta: in ya ce a'a, ya ce ba ya nan ran da Inna ta tafi, ba shi ya shiga kabarin ya kwantar da ita ba. Wallahi ba tsoron Harami ne ya riƙe harshensa ba, wannan ne.

"Na koma," ya ce. "Kwana huɗu. Ni na sa mahaifiyata a kabari."



"Allah Ya jiƙanta," in ji Salwa a hankali. "Zan rubuta dalilin yadda ka faɗa. Amma ba zan yaudare ka ba, irin wannan da wuya take wucewa."

"Na gode, Ustaza."

Yana kashe wayar Baba Tsoho ya doki sitiyari.

"Kai, wannan yaro! Na ɗauko ka har bayan iyaka don ka zo ka faɗi gaskiyar da za ka iya faɗa a ɗakinka? Ka san 'yan bindigar nan ba su manta da kai ba?"

"Na sani, Baba."

Tsohon ya kawar da kai, ya goge ido da gefen rawaninsa, yana zagin ƙurar hanya. Can ya buɗe aljihun mota, ya ciro fasfon, ya ɗora masa a cinya.

Datti ya daɗe yana kallon masu fararen kaya.

"Baba, ihramin nan da kake ajiye wa fasinja, yana but?"

"Yana nan. Me za ka yi da shi?"

"Tunda mun riga mun fito, bari in shiga da umra. Ta Inna ce. Kullum cewa nake akwai lokaci."

Baba Tsoho ya kashe motar. Ya fita, ya zagaya ya buɗe but.