Yadda Karsanar Hamma Ta Koma Zumbalo

Shekarar da aka yanke layin waya a Safana, Malam Labaran mai koyar da lissafi ya rasa abin yi da wayarsa. Ba kira, ba saƙo. Wasa ɗaya ya rage a ciki, wanda ake kama wasu dodanni ana tarawa. Da ya kame duka ɗari da ashirin, sai ya ɗauki biro ya shiga ƙirga haruffan sunayensu.

Maƙwabcinsa Hamma makiyayi ne daga Tsaskiya. Ɓarayin daji sun kore masa garke, ya dawo gari da shanu huɗu, yana ɗaure su bayan katangar Malam. Wata la'asar ya iske Malam a gindin darbejiya da takarda cike da lambobi.

Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da gajiya, Hamma ya ce, "Malam, jarrabawa ake dubawa?"

"A'a, sunayen dabbobin cikin waya ne. Harafin O ya fito sau casa'in da ɗaya, harafin A na biye masa. Amma ƙa da ɗa da ɓa, ko ɗaya babu."

"Karanto mini in ji."

"Gurbix. Kraxtol. Flimzat."

Hamma ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. "Wanda ya raɗa waɗannan bai taɓa kiwo ba. Sunan dabba sai wanda za a iya ja daga nesa. Wace saniya za ta amsa Gurbix? Kamar an shaƙe mutum."

Malam ya duba takardarsa. "Akwai talatin da bakwai masu jawuwa. Mu je mu gwada."

Suka zagaya bayan katanga. Malam ya gyara murya ya fara kira ɗaya bayan ɗaya, shanu na ta tuƙarsu, ko kallonsa ba su yi ba. A na sha tara ya ce, "Zumbalo." Wata jar karsana da Hamma ke kira Woɗe ta ɗaga kai, ta tako har igiya ta ƙare.

"Dusa ce a aljihunka," in ji Hamma.

Malam ya zazzage aljihu, alli ne kawai ya faɗo. Hamma ya kira Woɗe sau uku, ta juya masa baya. Turai matar Hamma, da ke leƙe ta zana, ta tafi ta ba maƙwabta labari.

Kwana uku Hamma yana cewa shi ba zai kira saniyarsa da sunan dodon waya ba. A na huɗu, Malam ya fito zai tafi makaranta, ya jiyo shi ƙasa-ƙasa yana cewa, "Zumbalo, zo ki sha ruwa." Ya yi kamar bai ji ba, ya yi sallama.

Hamma ya amsa, ya ɗan sosa ƙeya. "Malam, in ka taso ka zo da takardar nan. Bajimin ma ba ya jin magana."