Waken Ɗanzomo

Damina biyu ke nan da sabon irin wake ya shigo ƙasar Sule Tankarkar, wanda aka ce masana sun sauya halittarsa don tsutsa ta daina cin sa. A damina ta uku aka tura Sa'adiya Ishaƙ, 'yar Gumel da ta karanci ilimin tsirrai, ta je Ɗanzomo ta duba ko waken yana cutar da mutane ko ƙasa. Ofishinsu na aikin gona ya ba ta takarda mai shafi huɗu da wa'adin mako guda.

Manoman da ta fara samu murna suke yi. A da sai sun yi feshi sau bakwai kafin su ga wake, yanzu sau biyu ya isa. Mutum ɗaya ne ya aika a kira ta, Malam Ladan, mai makarantar allo a bakin gari, wanda ke noma yana kuma kiwon zuma.

Ya kai ta gindin wata tsamiya, ya nuna mata amya bakwai a rataye. Uku babu motsi a cikinsu. A ƙasa ga matattun ƙudan zuma birjik.

"Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin haka ba," in ji shi. "Ga jikata kuma, ƙuraje sun feso mata a wuya. Mutane na cewa waken ne. 'Yata, ke ce mai ilimin abin. A ci, ko kar a ci?"

"Allah gafarta Malam, zuma na iya mutuwa saboda feshin da ake yi wa riɗi a gonakin can. Ƙurajen ma zafi yana kawo su. Amma ba zan ce maka komai ba sai an gwada."

Ta tsince ƙudan zuman ta zuba a kwalba, ta ciri ganye da furen wake, ta ɗebi ruwan rijiya. Saura tsohon iri, wanda za a kwatanta da sabon. Malam ya ce yayarsa Adda ce ke ajiye irin gidan tun zamanin mahaifinsu. Tsohuwar ta fito da tulu, wake cakuɗe da toka a ciki. Sa'adiya ta zuba a tafin hannu, ta ga ƙwayoyin ba su yi kama da juna ba.

"Iya, duk na gado ne?"

Adda ta girgiza kai. "Bara ƙwaro ya cinye mini rabi. Sai na sa aka auno mini tiya biyu a kasuwar Maigatari na cika."

Ranar Alhamis Sa'adiya ta bi kasuwar. Ta tarar da wake a buhuna a buɗe, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Ta tambayi masu awo biyar wanne ne sabo, wanne ne tsoho. Kowa ya yi dariya ya ce wake wake ne. A gabanta aka loda buhunan a mota aka nufi Nijar da su.

Ta koma Gumel ta saka kwalaben a firjin ofis, ta rubuta takardar neman mota zuwa Kano, inda ɗakin gwaji yake. Washegari wuta ta ɗauke, janareto kuma babu mai. Kwana huɗu tana zaryar neman mota. Ranar Talata da ta buɗe firjin, wari ne ya fara tarar ta. Ganyen ya narke ya zama baƙin ruwa, ƙudan zuman sun yi fumfuna.

Ta shiga wurin shugabanta, Alhaji Abdulmuhaimin, mutumin kirki da ya kusa ritaya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya buɗe shafin ƙarshe na takardar ya ɗora yatsa.

"Gurbi biyu ne a nan, Sa'adiya. An ga matsala, ko ba a ga matsala ba. Kin ga matsala?"

"Na ga zuma ta mutu, yallaɓai."

"Waken ne ya kashe ta?"

"Ban sani ba."

"To, babu gurbin ban sani ba. Gobe ake karɓar rahoto."

"A ba ni wata ɗaya da mota, in sake ɗebowa."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ma a kan maganin feshi na taɓa roƙon haka, kina firamare a lokacin. Har yau ina jira."

Ba ta cike ko ɗaya daga gurbin biyu ba. Ta rubuta da biro a gefen takardar cewa ba a yi gwaji ba, don haka ba a san komai ba. Bayan mako biyu kwafin da aka buga ya dawo daga sama. Rubutunta ba ya ciki. A gaban sunan Ɗanzomo an sa: ba a ga matsala ba. Ta daɗe tana kallon layin. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, mai yiwuwa ma gaskiya ne, amma babu wanda zai taɓa tabbatarwa.

Ta hau babur da kanta ta koma Ɗanzomo, don ta yi wa Malam alkawarin amsa. Ta same shi a zaure, mata na sussukar wake a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaya masa komai, har da warin firjin.

Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙurajen yarinyar sun baje da kansu, amma amya ta huɗu ta tashi.

"Gero bai yi ba bana, ruwa ya yanke yana fure," in ji shi. "Mutum goma sha tara nake ciyarwa. Tun shekaranjiya muka fara cin waken."

Adda ta leƙo ta tambaya ko za a ware na iri kamar kullum.

"Ware daga me?" in ji Malam. "Ki zuba duka a rumbu ɗaya."