Sau Bakwai

…kuma wai ƙarfe huɗu. Ƙarfe huɗu Scholastica, shugabar nas-nas, ke son ganin fom ɗin a kan teburinta, sai ka ce rayuwar mutum abin da ake yankewa ne tsakanin azahar da la'asar. Layi biyu a takarda: jinya ko tiyata. Ɗaya za ta zaɓa, ɗaya tak, don tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu wannan asibitin dabbobi na Moss Side kwas guda yake iya ɗaukar wa mutum. In jinya ce, tana nan Manchester, a wannan ɗaki mai zarnin fitsari. In tiyata ce, Birmingham, shekara biyu, babban asibiti.

Kubura na durƙushe gaban keji na uku da tsokar kaza a tafin hannu. Ci mana, tsohon banza. Kwana huɗu ke nan, ƙodarka ta gaji, kai kuma ko sansanawa ka ƙi… Karen ya kau da kai. Biskit sunansa. Na wani dattijo ne, Eli, da ke takowa a ƙafa kullum tun da aka soke bas ɗin layinsu, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula.

Tiyata, in ji Baba. Dokta Sunusi Jumare, likitan mutane, bai ko ɗago daga kan shayinsa ba. Wai a tiyata karen barci yake, an lulluɓe shi da kyalle, ke kina cikin doguwar riga da safar hannu, naki miƙa almakashi kawai, ba lasa, ba yawu. Hujjar ke nan fa! Bai ce tana da hannu ba. Bai tambayi wanne take so ba. Shekara uku a jami'a, biyar a bakin aiki, abin da gidansu ya gani — yawu.

Kuma ta san ragowar, wadda bai faɗa ba. Ranar walimar Zinatu a unguwar Rusholme, tana tsaye da farantin shinkafa, abokin Baba Injiniya Yelwa ya tambaya ina Kubura ke aiki yanzu. "A asibiti take," Baba ya ce, ya yi wuf ya kama zancen sanyi. A asibiti. Ba ƙarya, ai Baba ba ya ƙarya, yanke gaskiya yake ya ba mutane rabi. To ga rabi mai ƙiba ya samu: tana tiyata a Birmingham. Wa zai ce tiyatar me? Wa zai ƙara hango ta daga saman bas tana jan kare a bayan asibiti, ya kira Umma kafin ya sauka? Wannan ya fi ƙona mata rai. Ba ci gabanta suke so ba, nisanta suke so.

Ci, don Allah. Ta ɗumama kazar, ta yayyaga, ta shafa masa kaɗan a hanci. Haka ake yi. Ba a cusawa, zama ake, a kau da ido kamar ba a damu ba. Wa ya san wannan a ɗakin tiyata? Can dabba ta kwanta ba ta gan ka ba, ta farka ba ka nan. Aiki ne mai kyau, ba ta raina shi ba, amma ita… ita daga yadda kyanwa ta takure take gane ciwo kafin sakamakon jini ya fito. In ta tafi kuma, Scholastica ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, ba za a ɗauki wata ba. Nas biyu, keji sha takwas. Wa ke da awa guda na zama da karen Eli?

A gida kuwa, baƙar leda a bayan ƙofar kicin, nan take zuba kayan aiki. Kayan aikinta ba sa shiga injin wanki da na kowa, haram. Shuɗin bokiti a lambu, Umma da safar roba har gwiwar hannu, a ruwan sama, a sanyi, tana ƙirgawa a fili: ɗaya, biyu… sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ƙasar ma ta tukunyar fure ce da aka sayo a shago! Kubura ta je ta tambayi malami, ya ce a mazhabarmu yawun kare mai rai ba ya hana salla. Umma ta ce malamin yaro ne. Shi ke nan, an rufe littafi. Kofinta daban. Ƙannenta na ja da baya in ta shigo, su ce sai ta yi wanka. A gidan ubanta fa. Jahilci, jahilci da digiri, ita kuwa wallahi ta wuce nan, ta daɗe da wucewa —

"Kubura, saura minti ashirin," Scholastica ta leƙo ta ce, ta wuce.

Ta ji. Ba kurma ba ce. Biro na aljihu, fom ya fara laushi da gumi. Jinya za ta sa, don su ji haushi. A'a, ba don su ba, don kanta. Don kanta ne? In ta sa tiyata Baba zai dube ta a ido gaban mutane, sau ɗaya a rayuwa, kuma tana so, tana jin haushin yadda take so…

Ɗumi a tafin hannu. Harshe. Ya ci! Biskit ya ci, ya haɗiye, yana neman ƙari, yana lasar tsakanin yatsunta har wuyan hannu. Alhamdulillahi, ɗan albarka, kwana huɗu! Sai ta kira Eli, sai ta rubuta a katinsa. Ta miƙe, gwiwa na ƙara, ta nufi famfo. Sabulu, ruwa. Wannan ne aikina, Baba, ka gani? Sabulu, ruwa. Ba mai ɗaga ni daga nan. Sabulu… biyar… shida…

Leɓenta ne ke motsi. Ba Umma a ɗakin, ba Baba, ba kowa, sai keji sha takwas da ƙarar famfo. Tun yaushe? Kullum? Shekara biyar?

Bakwai.

Hannun ya yi ja, yana ɗiga a kan fom ɗin da ta ciro. Saura minti shida. Ba ta iya riƙe biron ba tukuna.